Kububuwar Kaltungo da Ta Je Ingila Ta Dawo Magani

A ƙasar Kaltungo ta jihar Gombe, manomi ya san damina ba albarka kaɗai take zuwa da ita ba. Ƙarƙashin duwatsu, cikin tarin kara, bayan rumbu, akwai wata 'yar macijiya da tsawonta bai cika wuce kamu ɗaya da rabi ba. Launinta launin ƙasa ne, da ɗigo-ɗigo masu haske a jikinta. Idan ta ji motsi sai ta naɗe, ta riƙa cuɗa jikinta, ta fitar da ƙara kamar an yayyafa ruwa a kan kasko mai zafi. Ita ce kububuwa. Wasu kan kira ta gobe da nisa, kuma sunan ba wasa ba ne.

Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya kai kansa gida da ƙafarsa, amma daga baya ƙafar ta kumbura, dasashi ya fara tsattsafar jini, tsohon miki ya buɗe. A shekarun 1970, wani likita Bature mai suna David Warrell, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yaɗa wani gwaji mai sauƙi. A ɗebi jinin majinyaci, a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a jira minti 20. In aka karkata kwalbar jinin na nan ruwa-ruwa, dafin ya shiga jiki. Har yau da wannan gwaji ake aiki.

Sanin ciwo daban, samun magani daban. An taɓa shigo da maganin da aka haɗa da dafin macizan Indiya, aka ga ba ya tasiri a kan namu. A wani asibitin karkara a Ghana, mace-mace sun ninka sau da yawa bayan an koma amfani da irinsa. Maciji ba a yi masa magani da dafin ɗan uwansa na nesa.

Sai masana na Nijeriya da na waje suka ɗauki wata hanya mai ban mamaki. Aka kamo kububuwa, da kasa, da gamsheƙa mai feshin dafi, da ransu, aka kai su birnin Liverpool na Ingila. A can aka riƙa tatsar dafinsu. Aka riƙa yi wa tumaki allurarsa kaɗan-kaɗan a Wales, dawaki kuma a Kosta Rika, har jininsu ya ƙera garkuwa. Daga wannan jini aka tace maganin EchiTAb. Aka dawo da shi Kaltungo, aka gwada shi a kan majinyata 400, aka buga sakamakon a 2010: jinin mutane ya koma daskarewa, suka tashi suka koma gona.

Macijiyar da ta yi sara ita ce ta ba da maganin saran. Abin da ya rage namu ne: takalmi mai rufe ƙafa a gona, fitila da dare, share ciyawar bayan gida. In kuma tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya. A ɗauki mutum zuwa asibiti tun yau, domin gobe da nisa.