Kyautar Keke: Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai

A ƙarshen watan Sha'aban da ya gabata ne ɗan yayata, yaro ɗan shekara 13, ya sauke Alƙur'ani mai girma. Da yake tun yana izu 30 na yi masa alkawarin keke, kuma alkawari kaya ne, sai ya zamana babu makawa sai na cika. Ranar walima, bayan jama'a sun watse, ya raɓo kusa da ni ya durƙusa ya ce, "Kawu, don Allah irin mai giya da shakzoba nake so, mai manyan tayoyin nan." Uwarsa ta harare shi. Ni kuwa murmushi kawai na yi, domin maganar tasa ta fama mini wani tsohon miki.

Shekaru 6 da suka wuce na saya wa babban ɗana irin wannan keken a wani shago a nan Kano. Ja ne, sai ɗaukar ido yake yi, da shakzoba gaba da baya, da giya 21. Mai shagon ya bubbuga sirdinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko Dutsen Dala aka ce ya hau, zai hau." Bai cika wata 4 ba sarƙa ta fara zamewa, ƙafar baya ta karkace, shakzobar tsakiya ta soma kuka kamar tsohuwar ƙofa. Da muka kai wa Baba mai gyaran keke na unguwarmu, ya jujjuya shi, ya ce kayan cikinsa ba sa ƙarbar gyara. Har yau yana nan jingine a bayan ɗakin girki, kaji na kwana a kansa. Ban ɗora wa mai shagon laifin duka ba. Mu 'yan boko muna iya shafe makonni muna binciken mota kafin mu saya, mu ɗauki makanike mu je da shi, amma idan aka zo kan keke sai mu saye shi kamar yadda ake sayen gyaɗa a bakin titi. Wannan karon sai na ce bari in yi karatun abin tukuna, kuma abin da na tsinta ne nake son in raba da mai karatu.

Da yake harshe ne fagen nazarina, a yi mini uzuri in fara da suna. Bahaushe ya daɗe da keke, shi ya sa ya yi masa sunaye har uku: keke, da basukur, da laulawa. Ya kuma ari sunan ya raɗa wa keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu. Raleigh na birnin Nottingham a Ingila, wanda har masana'anta ya taɓa kafawa a Bompai, bakinmu ya mai da shi Rali; sassan jikinsa kuwa duk mun ba su rigar Hausa, daga feda da birki har zuwa kariya da boris. Amma wannan baƙon mai faffaɗar taya har yanzu ba mu tsayar masa da suna ba, kowa da yadda yake kwatanta shi. A wannan rubutu zan kira shi keken tsauni, domin ma'anar sunan da masu shi suka ba shi ke nan.

Asalinsa wasa ne. A shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa tattaro tsofaffin kekuna masu kaurin taya, irin na shekarun 1930 da 1940, suna gangarowa da su daga kan duwatsu a guje. A 1976 suka fara wata gasa a kan wata gangara mai tsawon kilomita 3 da 'yan kai, wadda ake saukowa kimanin mita 400 daga samanta zuwa ƙasanta. Birkin waɗancan kekuna a cikin cibiyar ƙafar baya yake, saboda haka kafin a kai ƙasa giris ɗin ciki ya ƙone, sai an sake cusa wani. Daga wannan aikin ne gasar ta samo sunanta, Repack. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera keken da aka tsara musamman domin wannan aiki. Gary Fisher da Charlie Kelly da Tom Ritchey suka mai da abin sana'a, sannan a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda aka riƙa ƙerawa da yawa domin kasuwa. An yi gasar duniya ta farko a hukumance a garin Durango a 1990, wasan kuma ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Kano shimfiɗe take kamar faifai, ban da Dala da Goron Dutse. Masu duwatsun Shere a Jos ko tsaunin Mambila su ne ya kamata su damu. Amsar ita ce abin da Ba'amurke yake fita daji nema domin nishaɗi, wato ramuka da tsakuwa da rairayi, mu a ƙofar gida muke da shi. Hanyar burji da damina ta zaizaye, ko lungun da kwalta ba ta taɓa shiga ba, sun fi dacewa da faffaɗar taya fiye da siririya. Kuma buƙatar ta ƙaru. Lokacin da marigayi Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri a 2001, ya yi kiran a koma hawa keke har ya hau da kansa a Abuja, dariya aka yi masa. Hana babura a Maiduguri a 2011 ya sa jama'a da dama komawa kan keke ala tilas, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma ya sa wasu da ke yi wa ministan dariya sun fara tambayar farashi. Ga kuma waɗanda likita ya ɗora wa motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga.

To, mene ne ke sa keken tsauni ya amsa sunansa? Abu na farko da ido ba ya gani shi ne nauyi. Keken gasa, wanda aka yi gangar jikinsa da alminiyum mai kyau ko zaren kabon, yakan tsaya wajen kilo 10 zuwa 12. Irin wanda na saya wa ɗana kuwa, da hannu biyu nake ɗaga shi, yaron da bai kai kilo 40 ba shi ne zai tura wannan ƙarfe. Ba shakka zai gaji, kuma idan ya gaji zai jingine shi.

Sai shakzoba, wadda ita ce babban tarkon da ake kama mu da shi. Ta gaskiya ba sifirin kaɗai ba ce. A cikinta akwai sifirin ko iska da ke karɓar duka, akwai kuma mai da ke bi ta ƙananan ƙofofi yana hana ta dawowa da ƙarfi. A kekunan gasar zagaye takan nutse milimita 100 zuwa 120, ta dawo a hankali, taya ba ta rabu da ƙasa ba. Ta bogi kuwa sifirin ne tsirara. Idan ka faɗa rami sai ta cilla ka sama, idan ka taka feda sai ta lanƙwashe ta shanye ƙarfinka, ga nauyi, ga ƙusoshin da ke sassautawa. Shakzobar baya mai inganci ita kaɗai tana iya fin kuɗin sabon keken da ake jerawa a bakin titi, saboda haka duk wanda ya ga keke mai araha da shakzoba biyu, ya san ado aka yi masa. A ra'ayina, mai matsakaicin ƙarfi ya nemi mai shakzobar gaba kaɗai, in ma bai samu mai kyau ba, gara marar ita sam. Faffaɗar taya da ba a cika mata iska tam ba tana yin rabin aikin.

Maganar giya ma haka take. Mai shago zai yi maka alfahari da 21, wato faranti 3 a gaba da 7 a baya, alhali da yawa daga cikinsu maimaita juna suke yi. Tun da kamfanin SRAM na Shikago ya fito da tsarin faranti ɗaya a gaba da 12 a baya a 2016, akasarin zakarun duniya da giya 12 suke gasa. Abin dubawa shi ne ko tana shiga da zarar an taɓa ta, kuma ko za ta ci gaba da shiga bayan shekara guda. A nan sunan maƙeri yana da amfani: kayan Shimano na Japan, kamfanin da aka kafa tun 1921, ko da na ƙaramin aji ne, ana samun madadinsu a kasuwanninmu. Sai dai a kula, sau da yawa ƙarfe ɗaya ne kawai ke ɗauke da sunan, sauran duk ba a san uwarsu ba, kuma sunan kansa ana buga na jabu. Birki kuwa, na faifai ya fi kamawa cikin ruwa da taɓo, musamman mai aiki da mai. Amma idan iska ta shiga bututunsa, masu gyara nawa ne a unguwarku ke da kayan fitar da ita? Birkin waya, na faifai ne ko na roba, kowane mai faci zai iya ɗaure shi.

Akwai abokan gaba biyu da littattafan Turawa ba su cika damuwa da su ba kamar yadda ya kamata mu damu. Ɗaya tsidau ne, ƙayar nan da ke kwance a gefen hanya tana jiran taya. Kekunan zamani suna da taya marar tub, wadda ake zuba wa wani ruwa mai danƙo da ke toshe ƙaramar huda nan take, amma ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, ya fi saurin bushewa a zafi irin namu. Ɗayan kuma ƙurar hunturu ce. Wanda ya yi wa sarƙa wanka da baƙin mai ya haɗa mata turmin da zai niƙe ta. Ɗigo kaɗan ake sawa, a goge sauran da tsumma.

Idan kyauta za a yi, tambayar farko ita ce wa za a ba, kuma ina zai je da shi. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Nijeriya, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili, domin na tseren titi ba ya yin wannan aikin. Kowane aiki da kekensa. Baffanka na ƙauye da ke ɗora buhun gero ya kai kasuwa, ba shi da buƙatar keken tsauni, wanda galibi ba ya zuwa da kariya ko abin tare taɓo. Phoenix ɗinsa na Shanghai ya fi masa. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi tsara keke domin karkarar Afirka, Buffalo ta fito da shi: baƙin ƙarfe, ba tarkace, da kariya mai ɗaukar kilo 100. Wanda kuma ba zai sauka daga kwalta ba tsakanin gida da ofis, taya mai manyan haƙora ja masa baya kawai za ta yi.

Wani kuskuren namu na gado ne, wato sayen babba domin yaro "ya girma da shi", kamar rigar sallah. Mu da muka koyi keke muna zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar Ralin iyayenmu mun san tabon da muka kwasa. Ana auna kekunan yara da faɗin ƙafa, inci 16 da 20 da 24, na manya kuma 26 da 27.5 da 29. Yaro ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafinsa biyu a ƙasa, a ga tazara tsakaninsa da sandar. Idan ya zauna ya taka feda har ƙasa, gwiwarsa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Yatsunsa kuma su kai birki ba tare da ya saki kan keken ba. Wannan yana nufin a je da shi kasuwa. Daɗin ba-zata na minti biyar ne.

Da yawa daga kekunan kirki da ke shigowa ƙasar nan na gwanjo ne, kuma tsohon keke na asali ya fi sabon na bogi nesa ba kusa ba. Sai dai a duba wuraren walda ko akwai tsaga, a juya ƙafa a ga ko tana rawa, a riƙe birkin gaba a jijjiga keken a ji ko wuyansa na ƙwanƙwasa, a duba haƙoran faranti ko sun cinye sun yi tsini. A ƙarƙashin mahaɗar feda akwai lambar keken. A sa mai shago ya rubuta ta a rasit, saboda ɓarayi. Wanda kuma aljihunsa bai kai keke ba, famfo da kwaɗo mai kauri da fitilar gaba da ta baya kyauta ce da mai keke zai daɗe yana tunawa. Hular kwano ce kaɗai ba na son a saya ta gwanjo, domin soson cikinta duka ɗaya yake karɓa, kuma ba a gane wadda ta riga ta karɓa da ido.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan walimar, mu uku muka tafi kasuwa: ni, da yaron, da Baba mai gyara, wanda na biya kuɗin yininsa. Ya ƙi kekuna biyar kafin ya amince da wani shuɗi na gwanjo, mai ƙafa inci 26 da ƙaramar gangar jiki, fentinsa duk ya kwarzane, shakzobar gaba kaɗai gare shi. Yaron ya ɓata rai, yana ta waiwayen wani mai ruwan gwal da ke rataye. Baba ya ce, "Ɗana, ɗaga wancan, ka zo ka ɗaga wannan." Ya ɗaga su, bai sake cewa komai ba. Ragowar kuɗin muka sayi famfo da kwaɗo da sabuwar hular kwano, wadda ya ce abokansa za su yi masa dariya. Yayata ta yanke hukunci cewa ranar da aka bar hular a gida, keken ma a gida zai kwana. Da shi yake zuwa makaranta yanzu. Sau biyu ya koma wurin Baba, duka biyun tsidau ne.