Ciwon Zuciya a Bakin Bahaushe da a Kunnen Likita

A Kasuwar Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, har yau akwai masu sayar da saiwoyi da sassaƙe da kanwa. Nan ne talakan birni da yawa sukan fara kai kukansu in jiki ya ƙi daɗi. In abin ya faskara sai a nufi Asibitin Murtala, kusa da Ƙofar Mata. Can gaba kuma akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a hanyar Zariya, wanda aka kafa a 1988, inda Jami'ar Bayero take horar da likitoci. A bisa tsari, majiyyaci yakan isa gaban likitan zuciya a can ne da takarda daga likitan da ya fara duba shi. To, wane ne ya cancanci wannan takarda? Amsar tana da alaƙa da harshe fiye da yadda ake zato.

Kalmar zuciya tana da faɗi ƙwarai a Hausa. Tashin zuciya shirin amai ne, watau al'amarin ciki. Zafin zuciya hali ne, ajiyar zuciya kuwa numfashi ne. Wanda ƙwannafi ya dama yakan dafa ƙirji ya ce zuciyarsa tana ƙuna. Ɗan kasuwar da ya yi hasara, ko matar da aka yi wa kishiya, akan ce ciwon zuciya ya kama su, alhali baƙin ciki ake nufi. In malamin asibiti ya ɗauki waɗannan maganganu a kan fuskarsu, sai ya cika zauren likitan zuciya da masu gyambon ciki da masu damuwa. Su sun yi hasarar kuɗin mota da na awo da yinin kasuwa, likitocin zuciya kuwa ba su da yawa, saboda haka layi ya yi tsawo a gaban mai bukata ta gaske.

Shi kuwa wanda zuciyarsa ta gaza, sau da yawa ba ya ambatonta ko kaɗan. Yakan ce haki yake yi in ya ɗan yi tafiya, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko tari yana hana shi barci, ko ba ya iya kwanciya sai ya jingina. Waɗannan su ne alamun da likita yake nema, domin in zuciya ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa yakan taru a huhu da ƙafafu da ciki. Haka kuma suma ba dalili, da nauyin ƙirji mai zuwa lokacin aiki ya lafa in an huta, da yaron da ya sha ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi sa'an nan ya soma haki. Hawan jini zalla kuwa, wanda bai taɓa zuciya ko ƙoda ba, ana iya lura da shi a ƙaramin asibiti.

Misali mafi nauyi shi ne na masu jego. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga bayanin mata 224 da suka gani a Zariya, waɗanda zuciyarsu ta gaza a wajajen haihuwa. Suka danganta abin da wankan jego, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa, domin gishirin da ke cikin kanwa yana riƙe ruwa a jiki. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙarancin sinadarin seleniyam da rama suna da hannu a ciki, cutar kuma ta fi yawa a arewa maso yammacin Nijeriya. Amma a gida, kumburin mai jego akan ce sanyi ne ya shige ta, sai a ƙara mata ruwan zafi da kanwa. Ita ce ta fi kowa bukatar hoton zuciya da wuri, ita ce kuma takan makara.

Ashe ke nan kuskuren aikawa iri biyu ne: aika wanda bai kamata ba, da riƙe wanda ya kamata a aika. Na farko ɓarnar dukiya ne, na biyu kuwa yakan ci rai. Maganinsu ɗaya ne, watau mai duba majiyyaci kada ya tsaya a kan sunan da aka ba ciwo. Sai ya tambayi inda yake, da lokacin da yake tasowa, da abin da yake hana mutum yi, sa'an nan ya rubuta wannan a takardar, tare da awon jini da magungunan da aka sha, har da na kasuwa. Malaman Hausa ma suna da rabo a wannan aiki, domin tattara kalmomin da jama'a suke sifanta ciwo da su, da bayyana ma'anar kowace, hidima ce da ɗaliban likita da na unguwarzoma za su amfana da ita.