Zaɓen Wurin Zama Kusa da Ruwa a Jihar Kano: Abubuwan da Magidanci Zai Duba

Gabatarwa

Tsadar haya da cunkoso a birnin Kano sun sa magidanta da dama neman fili a garuruwan da ke kewaye da birni, inda mutum zai zauna da iyalinsa, ya riƙa zuwa aiki ko kasuwa yana dawowa a wuni ɗaya. Da yawa daga cikinsu sun fi son wurin da ke kusa da kogi ko madatsar ruwa, saboda damar noman rani, da kiwo, da samun kifi da kayan lambu a farashi mai sauƙi. Haka kuma mutanen karkara da gidan gado ya yi wa kaɗan sukan fita su kafa sabon gida a bakin fadama.

Wannan bayani an shirya shi ne domin irin waɗannan magidanta, da kuma hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da ma'aikatan ƙananan hukumomi waɗanda ake zuwa wurinsu neman shawara ko sa hannu a takardar ciniki. Babban abin da ake son a riƙe shi ne, ana auna wurin zama na bakin ruwa ne da yadda yake a watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi yawa. Filin da ya yi kyau a watan Maris yana iya zama tafki bayan wata biyar.

Manyan wuraren ruwa da nisansu daga birni

Jihar Kano na cikin jihohin da suka fi yawan madatsun ruwa a ƙasar nan, kuma an gina da yawa daga cikinsu ko an fara su a zamanin Gwamna Audu Bako. Mafi girma ita ce madatsar Tiga da ke kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974, kimanin kilomita 70 kudu da birni. Daga ita ne ake ba da ruwa ga shirin noman rani na Kadawa, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Kura, da Garun Malam, da Bunkure. Sai madatsar Challawa da ke Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birni. Akwai kuma madatsar Watari a Bagwai, da ta Thomas a yankin Ɗambatta, da ta Jakara a yankin Minjibir.

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa a kudu da birni, su zama Kogin Haɗeja, wanda ya wuce ta Wudil ya shiga Jihar Jigawa. Saboda haka garuruwa irin su Tamburawa, da Kura, da Dawakin Kudu, da Wudil duk suna kusa da ruwa, kuma suna cikin nisan da za a iya zuwa birni a dawo kullum. Kura tana da kimanin kilomita 30 daga birni ta hanyar Zariya, Wudil kuma kimanin 40 ta hanyar Maiduguri. Tiga da Ƙaraye sun fi dacewa da wanda aikinsa yake can, ko wanda ba ya bukatar shiga birni kowace rana.

Na farko: tudu ko kwari

Kakanninmu sun san bambancin tudu da fadama. A kan tudu suke kafa gida, fadama kuma su bar ta ga shinkafa da rake da kayan lambu. Wannan tsari bai tsufa ba. Fadama hanyar ruwa ce, ko da ta yi shekara goma ruwa bai hau ta ba, wata rana zai dawo.

Abin da ya faru a baya ya isa darasi. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta lalata gidaje da gonaki a ƙauyukan da ke ƙasanta. A ƙarshen daminar 2001, lokacin da Tiga da Challawa suka cika suka batse, ambaliya ta shafi garuruwa masu yawa a gaɓar Kogin Haɗeja a jihohin Kano da Jigawa. Ko a wajen jihar nan, ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ta sa ruwa ya mamaye babban sashe na birnin Maiduguri, har da unguwannin da mazaunansu ba su taɓa ɗaukar kansu a matsayin mutanen bakin kogi ba. Wannan ya nuna cewa wanda yake ƙasan madatsa, a kan hanyar da ruwa zai bi idan an sake shi, ya fi shiga haɗari a kan wanda yake gefenta a kan tudu, ko da na gefen ya fi kusa da ruwan.

Don haka kafin a biya kuɗin fili, a je a gan shi da ido a tsakiyar damina, gara ma washegarin ruwa mai ƙarfi. Gani ya kori ji. A duba jikin tsofaffin gine-gine da gindin itatuwa ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa. A lura da ƙasar wurin: baƙar ƙasa mai danƙo da ke tsagewa da rani alama ce ta wurin da ruwa ke kwanciya, kuma irinta tana fasa harsashin gini. A tambayi dattawan garin, musamman manoma da masunta, inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa a saninsu. Dillali burinsa ya sayar, amma dattijon da ya shekara hamsin a wurin ba shi da abin da zai ɓoye.

Na biyu: ruwan da za a sha

Zama kusa da kogi ba ya nufin an sami ruwan sha. Kogin Jakara yana ɗauke da ƙazantar cikin birni, kuma rafin Getsi da ke haɗuwa da shi yana ɗauko ruwan masana'antun Bompai, duk su zube a madatsar Jakara. Wani sashe na Kogin Challawa shi ma yana karɓar ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa. A yankunan noman rani kuwa, ruwan da ya fito daga gonaki yana ɗauke da ragowar taki da maganin feshi. Irin wannan ruwa ba na sha ba ne, kuma tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ta cire sinadarai.

Magidanci ya tambaya ko akwai famfo ko rijiyar burtsatse a unguwar, ko tana aiki duk shekara, da kuma wanda ke gyara ta idan ta lalace. Idan rijiya za a haƙa a cikin gida, a sani cewa a kusa da kogi ruwan ƙasa ba shi da nisa, don haka ƙazantar masai tana saurin kai masa. A bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai ya kasance ta ɓangaren gangare, a ɗaga bakin rijiyar a kuma yi mata murfi. Rashin kiyaye wannan na cikin dalilan ɓarkewar amai da gudawa da damina. Filin da ya yi ƙanƙanta har ba za a iya ba da wannan tazara ba, bai dace da iyali ba sai idan akwai wani ruwan sha a waje.

Na uku: lafiyar yara

Cututtuka biyu ne suka fi bin mazauna bakin ruwa. Ta farko ita ce zazzaɓin cizon sauro. Sauro yana yin ƙwai a ruwan da ya kwanta, kuma a lokacin zafi cikin kwana goma zuwa sati biyu ƙwan ya zama sauro. A wuraren da ake ban ruwa, sauro ba ya ƙarewa da ɗaukewar damina kamar yadda yake raguwa a garuruwan kan tudu. Gidan da ya ɗan nisanta daga gonakin shinkafa da kududdufai ya fi sauƙin sauro. Duk da haka wajibi ne kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani, a kuma karɓi maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 a watannin damina.

Ta biyu ita ce tsargiya. Ƙwan tsutsar da ke kawo ta yana fita ta fitsarin mai cutar, ya ƙyanƙyashe a cikin ruwa, ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa da ke zama a ruwan da ba ya gudu sosai. Daga nan ƙananan tsutsotsi suke fitowa su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan don wanka, ko wanki, ko kamun kifi. Alamarta ita ce ganin jini a ƙarshen fitsari, kuma ta fi kama yara 'yan makaranta. A wasu wurare ana ɗaukar wannan jini alamar balaga ga yaro, alhali cuta ce da ke lalata mafitsara da ƙoda idan aka bar ta. Tana da magani mai suna praziquantel, wanda ake samu a asibiti, ake kuma raba wa ɗalibai a makarantun yankunan da cutar ta yi yawa.

Bayan cuta akwai haɗarin nutsewa. Manyan magudanan ban ruwa suna da zurfi, gefensu na siminti ne mai santsi, kuma ruwansu yana gudu da ƙarfi. Gidan da ke da ƙananan yara bai kamata ƙofarsa ta buɗe kai tsaye zuwa irin wannan magudana ba.

Na huɗu: hanya, makaranta da asibiti

Nisan da ake faɗa a baki ba shi ne nisan da jiki da aljihu ke ji ba. Wanda ke zaune a Kura yana aiki a birni zai yi kimanin kilomita 60 a rana, wato 300 a kwana biyar na aiki. Na Tiga kuwa zai yi 140 a rana, 700 a mako. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na abin da ma'aikaci ke kashewa. Saboda haka a lissafa kuɗin zuwa da dawowa na wata guda, a kwatanta shi da rangwamen da ake sa ran samu a haya ko kuɗin fili. Ya kamata kuma mutum ya gwada tafiyar da kansa da safiyar ranar aiki, domin ya ga lokacin da cunkoson shiga birni ke ci.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne guntun hanyar da ke tsakanin gida da kwalta. Idan akwai rafi ko kwari da ke yanke ta da damina, to a watannin nan babu zuwa aiki a kan lokaci, kuma mace mai naƙuda da dare ba ta da hanyar kaiwa asibiti. A tabbatar makarantar firamare, da Islamiyya, da asibitin da ke karɓar haihuwa suna ɓangare ɗaya da gidan, ba sai an ƙetare ruwa ba. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwalen da ya ɗauko fasinjoji daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar Watari, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Inda ƙetare ruwa ya zama dole, kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, kada a yi tafiyar dare, a kuma nemi rigar kariya.

Na biyar: takardu da haƙƙin maƙwabta

A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen da aka ayyana a matsayin na birni suna hannun Gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarsu bisa al'ada. Sa hannun mai unguwa da dagaci shaida ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin takardar hukuma ba. Mai sayen filin awon igiya a gefen birni ya bincika matsayinsa a hukumar KANGIS, ya kuma nemi izinin gini daga hukumar tsara birane ta KNUPDA kafin ya sa harsashi.

A kusa da madatsu da gonakin ban ruwa akwai ƙarin abin lura. Wasu filayen gwamnati ta karɓe su ta biya diyya tun lokacin da aka yi aikin, kuma suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ko kuma ta jiha. Wanda ya sayi irin wannan fili ya sayi rigima. Haka nan a tabbatar filin bai hau burtali ko mashayar dabbobi ba, domin toshe wa makiyaya hanyar zuwa ruwa na cikin abubuwan da ke haddasa faɗa tsakaninsu da manoma.

Nauyin da ke kan shugabanni

Hakimai, da dagatai, da masu unguwanni su ne suka fi kowa sanin inda ruwa ke bi a ƙasarsu. Ya dace kowane dagaci ya san iyakar da ambaliya ta taɓa kaiwa a garinsa, ya sa a kafa alama a wurin, ya kuma ƙi sa hannu a cinikin filin gini da ke ƙasa da wannan iyaka. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ke fuskantar ambaliya kafin ruwa ya kankama. Ma'aikatan ƙananan hukumomi su isar da wannan bayani ga jama'a ta masallatai, da kasuwanni, da masu shela. Idan aka ba da sanarwar sakin ruwa daga madatsa, a isar da ita ga ƙauyukan da ke ƙasa a ranar, a kuma sanar da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha inda ake bukatar taimako.

Kammalawa

Wurin da ya dace da iyali shi ne wanda yake kan tudu, yana da ruwan sha mai tsafta, da hanyar da ba ta yankewa da damina, da makaranta da asibiti a kusa, da takardun da hukuma ta amince da su, gona ko lambu kuma su kasance a fadama inda za a iya zuwa da ƙafa ko keke. Magidancin da ya ga fili da rani ya yi masa, ya jinkirta biyan kuɗi har ya sake ganinsa a watan Agusta. Jiran wata biyar ya fi sauƙi a kan sake gina gidan da ruwa ya rushe.