Abin Da Ake Fesa Wa Riga Kafin A Buga Mata Hoto Da Injin DTG

Yanzu duk mai wayar hannu zai iya zama mai zane. Matashi yana zaune a Badarawa ko Zurmi zai buɗe Canva ko PixelLab, ya tsara tambarin ƙungiyar ƙwallon unguwarsu ko hoton ango da amarya, ya tura wa mai buga riguna ta WhatsApp, bayan kwana biyu a aiko masa da kaya a mota. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda kan haɗa kuɗi su buga rigunan kammala karatu, ga kuma zaɓen 2027 na ƙaratowa, lokacin da masu buga riguna ba sa samun sukunin kansu.

Sai dai da yawa sun sha karɓar riga tana sheƙi, wanki ɗaya hoton ya dusashe ko ya fara ɓarewa kamar tsohon fenti. Nan da nan sai a zargi tawada ko inji. Amma a bugun DTG, galibi matsalar tana faruwa ne tun kafin rigar ta shiga inji, a wurin wani ruwa da ake fesa mata. A wannan maƙala za mu bayyana mene ne wannan ruwa, yadda yake aiki, da yadda za ka gane ko an yi aikin daidai, ko kai mai ba da aiki ne ko mai shirin shiga sana'ar.

Mene ne DTG?

DTG firinta ce da ke fesa tawada kai tsaye a kan yadi, kamar yadda firintar ofis mai tawadar ruwa ke yi a kan takarda. Bambancinta da bugun sikirin da aka saba gani shi ne ba sai an haɗa allo ga kowace kala ba. Don haka ana iya buga riga ɗaya tak, da hoton mutum mai kaloli barkatai, ba tare da kuɗin ya yi tsada ba.

Kamfanin Brother na ƙasar Japan ya fitar da injinsa GT-541 a shekarar 2005, kuma wannan inji ba shi da farar tawada, fararen riguna da masu hasken kala kawai yake bugawa. Epson ya shigo kasuwar da SureColor F2000 a 2013. Abin da ya buɗe wa DTG kasuwa sosai shi ne farar tawada, domin da ita ake iya bugawa a kan baƙar riga. Ita kuwa farar tawada ba ta zama a kan yadi sai da ruwan da muke magana a kai. A jikin galan za ka ga an rubuta pretreatment. Mu a nan za mu kira shi ruwan shimfiɗa.

Me ya sa baƙar riga ke buƙatarsa?

Tawadar DTG mai kala huɗu ce: shuɗi, ja mai ɗan ruwan hoda, rawaya da baƙi. Dukkansu haske na ratsa su. In ka fesa rawaya a kan baƙin yadi ba za ka ga komai ba, kamar ka yi rubutu da jan biro a kan baƙar leda ne. Shi ya sa inji ke fara shimfiɗa farar tawada daidai siffar hoton, sannan ya zuba sauran kaloli a kanta.

To ita farar tawadar ruwa ce da aka cakuɗa da garin wani farin sinadari mai suna titanium dioxide, irin wanda ake sa wa farin fenti. Auduga kuwa shan ruwa ne da ita. In aka fesa farar a kan busasshiyar riga, sai ta nutse cikin zare, abin da zai rage a sama toka-toka ne kawai. In aka zuba kala a kanta alhali tana jiƙe, sai su cakuɗe, fuskar mutum ta koma wani abu daban.

Yadda yake aiki: ka tuna da awara

Duk wanda ya taɓa ganin ana yin awara ya riga ya fahimci rabin bayanin. Madarar waken suya tana tafasa a tukunya ruwa tsululu, da an zuba ruwan tsami sai ta dunƙule nan take, ta rabu da ruwan.

Haka ruwan shimfiɗa yake yi wa tawada. A cikinsa akwai wani nau'in gishiri, galibi na sinadarin kalsiyam. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin tawada an yi su ne ta yadda za su riƙa ture juna, don kada su dunƙule a cikin inji. Da sun sauka a kan gishirin nan sai turewar ta ƙare, su haɗe wuri ɗaya su yi kauri cikin daƙiƙoƙi. Farar sai ta tsaya a saman yadi, ta yi ƙarfin da kala za ta hau kanta ba tare da sun cakuɗe ba.

Abu na biyu da ke cikin ruwan shi ne wani ɗanko mai kama da gam. Shi ke kwantar da gashin audugar da ke tsaitsaye a jikin riga, ya kuma taimaka wa tawada ta kama zare idan an gasa ta.

Matakan aikin

Na farko, a share rigar daga ƙura da zare, a sa ta a injin guga mai faranti biyu na ɗan daƙiƙoƙi don damshi ya fita, gashin yadi ya kwanta.

Na biyu, a girgiza ruwan sosai. Wani ana amfani da shi yadda ya zo, wani kuma sai an sirka. In za a sirka, da tataccen ruwa ake yi, ba ruwan rijiya ko na burtsatse ba, domin ma'adinan da ke cikinsu na ɓata haɗin.

Na uku, a fesa daidai wa daida a inda hoton zai zauna. Manyan shaguna na da injin feshi mai akwati, ƙanana kuma na amfani da mafeshin hannu mai lantarki. Wasu kan bi da buroshi ko rola ta fuska ɗaya bayan feshin. Injinan kamfanin Kornit su da kansu suke fesawa a ciki, amma na manyan masana'antu ne.

Na huɗu, a shimfiɗa takardar da ba ta mannewa a kai, a danne da injin guga da ƙarfi a zafin da ya kai digiri 165 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyos, kamar daƙiƙa 30 zuwa 45, har wurin ya bushe ƙarau. Daga nan sai bugu, sannan a sake gasawa don tawadar ta nuna. Kowane kamfanin tawada na da nasa ma'aunin zafi da lokaci, shi za a bi.

Ma'auni shi ne sirrin

Ƙwararru ba sa fesawa da ka. Suna ɗora riga a kan ƙaramin sikeli kafin feshi, su sake auna ta bayan feshi, bambancin shi ne yawan ruwan da ta sha. Ga baƙar rigar auduga, a fili mai inci 14 da 16, yawanci yakan kama tsakanin giram 18 zuwa 30, gwargwadon kaurin yadi da irin ruwan.

In ruwan ya yi kaɗan, za ka gane tun a shago. Farin zai fito dishi-dishi, ana hango baƙin yadi ta cikinsa, wani wuri ya yi haske wani ya yi duhu.

In ya yi yawa kuwa, nan ne haɗarin yake, domin rigar za ta fi kowace kyau a ranar karɓa. Farin zai fito fes, kaloli su yi ɗau. Amma tawadar ba ta kama zare ba, a kan ɗankon kawai take zaune. Da an wanke, ɗankon ya saki, sai hoton ya tsattsage ya fara zuba. Mai aikin da ke son burge kwastoma da ido yakan zuba ruwan da yawa, kai kuma ba za ka sani ba sai kuɗinka sun riga sun tafi. Ka lissafa ajin ɗalibai 60 da kowa ya biya kuɗin rigarsa, ka ga irin asarar da rigimar da za ta biyo baya.

Farar riga da rigar roba

Farar rigar auduga ba dole sai da ruwan shimfiɗa ba, tunda ba a sa mata farar tawada. Amma akwai wani nau'i mara ƙarfi da ake fesa mata don kala ta ƙara fitowa ta kuma jure wanki.

Jesin ƙwallo da sauran rigunan roba su ne masu wahala. Tawadar DTG ba ta kama su sosai, kuma zafin guga kan sa rinin yadin ya taso ya shiga cikin farar tawada, farin tambari a kan jar jesi ya koma ruwan hoda. Ga irin waɗannan, DTF ya fi dacewa. Shi a kan wata leda ake buga hoton, a barbaɗa garin gam, a narkar, sannan a manna a riga da zafi. Ba ya buƙatar ruwan shimfiɗa, sai dai hoton kan fi nauyi a jiki, iska ba ta ratsa shi, abin da za ka ji a zafin watan Afrilu. Idan kuma riguna ɗaruruwa ne masu kala ɗaya ko biyu, irin na kamfe, bugun sikirin ya fi araha.

In za ka sayo riguna a Kantin Kwari a Kano ko a kasuwar Shinkafi, duba alamar da ke wuya. Ga DTG, nemi auduga zalla mai santsin fuska.

Ga mai son shiga sana'ar a yankinmu

Akwai abubuwa uku da ya kamata ka lissafa kafin ka zuba jari. Na ɗaya wuta. Injin guga kaɗai kan ja wat 1,500 zuwa 2,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. In wuta ta yi rauni zafi ba zai kai ba, tawada ba za ta nuna ba, ko da feshinka ya yi daidai.

Na biyu hunturu. Injinan DTG sun fi son damshin iska na kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, busasshiyar iskar Disamba da Janairu kuwa a Zamfara tana sauka ƙasa da haka sosai. Tawada kan bushe a bakin kan firinta ta toshe shi, kuma kan firinta na daga cikin kayan da suka fi tsada a jikin injin. Ana buƙatar rufaffen ɗaki da na'urar ƙara damshi. Farar tawada ma kwanciya take yi in an bar ta, dole a riƙa girgiza ta da kunna inji a kai a kai.

Na uku, kada ka yi feshi a ɗakin da firinta take. Tururin ruwan in ya sauka a kan firinta zai daskarar da tawada a ciki, gishirin kuma na sa ƙarfe tsatsa. Ware wuri mai iska, ka sa takunkumi da safar hannu.

Ga mai ba da aiki

Tura zanenka a matsayin fayil ɗin PNG mara bango, kuma ta hanyar aika takarda a WhatsApp, domin in ka tura shi a matsayin hoto manhajar za ta matse shi ya rage kyau. Tambayi mai aikin da wace hanya zai buga: DTG, DTF ko sikirin. Kafin ka biya kuɗin duka, nemi samfur ɗaya, ka wanke shi sau biyu ko uku, ka ɗan ja wurin hoton ka ga ko zai tsage.

In ka ga wata inuwa mai kusurwa huɗu kewaye da hoton, ko wurin ya ɗan yi tauri, sauran ruwan shimfiɗa ne da shatin guga, yawanci wankin farko ke fitar da su. Ya fi kyau ka wanke rigar kafin ka fita da ita rana, domin ruwan da bai fita ba kan canza kala in rana ta buge shi, musamman a riguna masu haske.

Wajen wanki, juya rigar bai-bai, yi amfani da ruwan sanyi, kada a sa bilic, kada a cuɗa ko a goge wurin hoton da buroshi. Shanya a inuwa. In za ka kai wa mai wanki da guga, gaya masa ya goge ta ta ciki, kada dutsen guga ya taɓa hoton.