Sensar iskar taya

Sensar iskar taya wata 'yar ƙaramar na'ura ce da ake sanyawa a cikin tayar mota domin ta riƙa auna ƙarfin iskar da ke ciki, ta kuma sanar da direba idan iskar ta ragu. Ita ce ginshiƙin tsarin da aka fi sani da TPMS, wato tsarin sa ido kan iskar taya. Idan iska ta yi ƙasa, wata fitila mai launin ruwan ɗorawa takan kama a dashbod, tana da siffar buɗaɗɗiyar tukunya da alamar motsin rai a tsakiyarta. Fitilar tana iya nufin ɗaya daga abu biyu: ko dai taya ce ba ta da isasshiyar iska, ko kuma tsarin kansa ne ya samu matsala. Bambance waɗannan biyun shi ne matakin farko na kowane gyara.

Tarihi

Motar Porsche 959 ta ƙasar Jamus, wadda ta fito a shekarar 1986, ita ce ƙaramar mota ta farko da aka sanya wa wannan tsari. Shekaru da dama bayan nan, a motoci masu tsada kawai ake samun sa. Abin ya sauya ne bayan jerin haɗurra a Amurka da aka danganta da tayoyin kamfanin Firestone da ke ƙarƙashin motocin Ford Explorer, inda mutane fiye da 100 suka rasa rayukansu. A watan Agusta na 2000 kamfanin ya janye tayoyi kimanin miliyan 6.5 daga kasuwa, kuma a wannan shekarar majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar TREAD. Daga 1 ga Satumba, 2007, wajibi ne kowace sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin. Tarayyar Turai ta bi sahu, inda ta wajabta shi ga sababbin samfura daga Nuwamba 2012, sannan ga dukkan sababbin ƙananan motoci daga Nuwamba 2014.

Dalilin dokar shi ne, tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwashewa fiye da ƙima yayin tafiya. Wannan yana sa ta yi zafi, ta cinye da wuri ta gefe da gefe, motar ta ƙara shan mai, kuma tayar tana iya fashewa ana cikin gudu.

Ire-iren tsarin

Tsarin ya kasu gida biyu. Na farko shi ne mai auna iska kai tsaye. A nan kowace taya tana da sensarta, galibi haɗe da bawul ta cikin rim. Sensar tana ɗauke da ƙaramin batir, tana kuma aika saƙo ta igiyar rediyo zuwa kwamfutar motar. Yawancin motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka suna aiki da mita 315 MHz, na Turai kuwa 433 MHz. Kowace sensa tana da lambar shaida tata da kwamfutar ta haddace.

Na biyu ba shi da sensa a cikin taya ko kaɗan. Yana dogara ne da sensocin birkin ABS da ke ƙirga juyawar kowace ƙafar mota. Tayar da iskarta ta ragu takan ɗan ƙanƙance, don haka tana juyawa da sauri fiye da 'yan uwanta, kuma daga nan kwamfuta ke gane akwai matsala. Motar Honda Accord ta 2013 da motocin Volkswagen da yawa suna amfani da wannan nau'in. Ya fi araha kuma babu batirin da zai mutu, sai dai dole a sake saita shi duk lokacin da aka ƙara iska ko aka sauya taya.

Fassarar fitilar

Idan fitilar ta kama ta tsaya cak, ma'anarta akwai tayar da iskarta ta ragu sosai. A ƙa'idar Amurka, dole fitilar ta kama idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 na abin da masu ƙera motar suka ƙayyade. Misali, tayar da ya kamata ta kasance a kan 32 psi sai ta sauko wajen 24 kafin gargaɗin ya zama tilas. Saboda haka rashin ganin fitila ba hujja ba ne cewa iska ta cika.

Idan kuwa fitilar ta yi ta ƙiftawa na daƙiƙa 60 zuwa 90 bayan an tayar da mota sannan ta tsaya a kunne, to tsarin ne ya samu matsala. A wannan hali ba zai iya gargaɗin direba ba ko da taya ta sace.

Matsalolin da aka fi samu

Mutuwar batir ita ce kan gaba. Batirin sensa yakan yi shekara 5 zuwa 10, kuma a yawancin sensoci a liƙe yake a ciki, ba a cire shi. Idan ya mutu sai dai a sauya sensar gaba ɗaya. Tunda galibi lokaci guda aka sanya su, idan ɗaya ta mutu sauran ma suna kan hanya. Wannan ne ya sa ake yawan ganin fitilar a kunne a motocin da ake shigowa da su na hannu zuwa Najeriya da Nijar daga Amurka da Turai, domin da yawansu sun haura shekara 10 kafin su iso.

Ta biyu ita ce karyewar sensa wajen cire taya. Idan mai faci ya sa ƙarfe ya ɓamɓare taya daga rim daidai wurin bawul, yana iya fasa sensar ba tare da ya sani ba. Wani lokaci kuma a cire ta a maye gurbinta da bawul na roba da ba shi da sensa.

Ta uku ita ce tsatsa. Bawul ɗin sensoci da yawa na alminiyom ne. Idan aka ɗaura masa murfin wani ƙarfe dabam, ko aka sa masa ƙwayar bawul ta tagulla, ƙarafan biyu sukan ci juna har su manne, bawul ɗin ya riƙa sace iska ko ya karye wajen kwancewa. Don haka murfin roba ya fi dacewa da shi.

Sauyin yanayi ma yana kunna fitilar ba tare da wani abu ya lalace ba. Ƙarfin iskar taya yakan ragu da kimanin 1 psi duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyas. A lokacin hunturu, inda safiya ke da sanyi rana kuma ta yi zafi, fitilar tana iya kamawa da asuba ta mutu bayan an ɗan yi tafiya. Wannan alama ce cewa tayar tana dab da iyaka, tana bukatar ƙarin iska.

Akwai kuma ruwan liƙe huji da ake ɗurawa a cikin taya, wanda kan toshe 'yar ƙofar da sensa ke jin iska ta cikinta. Haka nan wasu motocin suna da sensa a safaya, sai mai mota ya cika tayoyi huɗu amma fitila ta ƙi mutuwa, alhali ta biyar ce ba ta da iska.

Hanyar magance matsala

Abu na farko shi ne a auna dukkan tayoyin da geji, har da safaya, lokacin da suke da sanyi, wato bayan mota ta huta aƙalla awa 3. Adadin da ya dace yana rubuce a wata takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a littafin motar. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Yawancin ƙananan motoci suna tsakanin 30 zuwa 35 psi.

Bayan an daidaita iska, a wasu motocin fitilar takan mutu da kanta bayan tafiyar minti 10 zuwa 20. A wasu kuma sai an danna maɓallin saitawa ko an shiga allon dashbod. Idan ta sake kamawa bayan kwana ɗaya ko biyu, ana neman ƙusa ko wurin da iska ke zurarewa ta hanyar shafa ruwan sabulu a jikin taya da bakin bawul.

Idan fitilar mai ƙiftawa ce, makanike yakan kara wata na'urar hannu kusa da kowane bawul domin ya tayar da sensar. Wadda ta amsa za ta nuna lambarta da ƙarfin iska, wadda ta yi shiru ita ce ta mutu. Sabuwar sensar dole ta dace da mitar motar, domin ta 433 MHz ba za ta yi magana da kwamfutar da ke sauraron 315 ba. Bayan an ɗaura ta, sai an gabatar da lambarta ga kwamfutar motar, sau da yawa ta soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari. Wasu motocin ma suna bukatar wannan saitin idan aka musanya tayoyin gaba da na baya.

Wasu direbobi sukan manna salatif a kan fitilar ko su sa a kashe ta. Motar za ta ci gaba da tafiya, amma ta rasa abin da zai yi gargaɗi idan taya ta fara sacewa a kan babbar hanya. A Birtaniya, tun daga Janairu 2015, motar da aka fara amfani da ita daga 2012 takan faɗi gwajin lafiyar mota na shekara-shekara idan tsarin nata ba ya aiki. Ko da sensocin lafiyarsu ƙalau, masu ƙera motoci suna ba da shawarar a riƙa auna iska da geji sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya.