Ko Kun Sani? Ƙaramin Rauni Ya Fi Kashe Kaza

A ƙauyukan Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, inda ake sakin kaji su yi kiwo a bayan gida, kazar da ta kuɓuta daga bakin muzuru da ɗan hujin haƙori ta fi shiga haɗari bisa wadda shaho ya yage wa fata. Dalili kuwa shi ne yawun dangin kyanwa yana ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira Pasteurella, wadda haƙori yake cusawa can cikin tsoka, hujin ya rufe a kanta, ta bi jini ta kashe kazar cikin kwana biyu ko uku, alhali fatar da ta yage takan warke da sauri. Saboda haka ya wajaba a buɗe gashin a duba har ƙarƙashin fiffike, a wanke raunin da tafasasshen ruwan da ya huce, mai gishiri giram 9 a kowace lita, sannan a nemi malamin dabbobi. Keɓe kazar a akurki ma dole ne, domin kaji suna saran duk inda suka ga jini, ƙudaje kuma suna saka ƙwai a rauni, tsutsa ta fito cikin kwana guda.