Ƙwayar Zarra da Lantarki a Jikin Mutum

Jama'a, kome na duniya an gina shi da waɗansu ƙananan abubuwa, ana ce da su ƙwayar zarra. Ido ba ya ganinsu. Jikinmu ma da su aka yi shi.

Ƙaƙa za a san yawansu? Mai son sanin yawan geron da ke cikin buhu ba ya ƙirga shi ɗai-ɗai. Sai ya ƙirga na cikin cokali guda, sa'an nan ya auna buhun, ya yi lissafi. Haka masu ilmi suka yi. Ga adadin da suka samu a jikin mutum mai nauyin kilo 70: a rubuta 7, a bi shi da sifiri 27.

Kowace ƙwaya tana da lantarki iri biyu masu jan juna. Yawansu daidai ne, don haka ba mu jinsu. Amma da hunturu, in ka tuɓe riga cikin duhu, wani lokaci ka kan ga tartsatsi. Gogayya ce ta raba su kaɗan.

Fiye da rabin jikinmu ruwa ne mai gishiri, lantarki kuwa yana bin irin wannan ruwa. Saboda haka kada ka taɓa wayar lantarki, balle da jiƙaƙƙen hannu. In ana tsawa, kada ka fake ƙarƙashin itace.